Yadda Ake Zaɓa wa Budurwa Littafin Karatu

Yarinyar da ta kai shekara 13 kuma ta iya haɗa baƙi, da wuya a ce ba ta karanta komai sai littattafan makaranta. In ba a tarar da littafi a ƙarƙashin katifarta ba, to akwai labarin da take bi a wayar yayarta ko ta wata ƙawa, irin wanda ake sakowa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ko wanda ake karantawa da murya a YouTube tana saurare tana wanke-wanke. Iyayen da har yanzu suke muhawarar ko ya dace 'yarsu ta karanta littattafan hikaya sun makara, domin tana karantawa. Abin da ya rage a hannunsu shi ne wane littafi, kuma da rakiyar wa. Ra'ayina a kan wannan guda ne. Littafi mai kyau ga budurwa shi ne wanda ya ɗauki 'ya mace a matsayin mai hankali, ya kuma faɗi gaskiya game da abin da ke biyo bayan duk shawarar da mutum ya yanke, ko da soyayya a cikinsa ko babu. Ba a gane irin wannan daga bango ko daga sunan marubuci. Sai babba ya zauna ya karanta, kuma a nan ne yawancin gidaje suke gazawa.

Aikin yana farawa ne da sanin abin da ke hannunta yanzu, a kuma sani ba tare da ƙwace ba. Uwa ko yaya ko gwaggo ta tambaye ta cikin hira: wane labari kike bi, wa ya rubuta, ina aka tsaya? In yarinya ta ga ba tarko aka ɗana mata ba za ta faɗa, har ta zarce da ba da labarin tun daga farko, don babu abin da mai karatu ke so kamar ya sami mai sauraronsa. In kuwa aka fizge wayar aka daka mata tsawa, ɓoyewa kawai aka koya mata. An gwada hanyar ƙwace a fili mun gani. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a, hukumar tace finafinai da ɗab'i kuma ta matsa wa marubuta lamba. Damuwar da ta jawo hakan ba ta banza ba ce, amma karatun bai tsaya ba. Da wayoyi suka yawaita sai ya tashi daga takarda ya koma inda babu mai shagon da za a tuhuma, babu bangon da uwa za ta hanga, sau da yawa ma babu sunan marubuciyar na gaskiya. Littafin da ake saya a kasuwar Sabon Gari ko a yi hayarsa a shagon unguwa, aƙalla ana iya ɗaga shi a duba.

Da an san me take karantawa, sai a karanta shi, da shi da duk wanda ake niyyar miƙa mata, kamar dai yadda uwa ke ɗanɗana kunu kafin ta kai bakin yaro. Wanda ba shi da sukunin gama littafi ya karanta babin farko, ya buɗe tsakiya ya bi shafi goma, sannan ya karanta ƙarshen gaba ɗaya, domin a ƙarshe ne marubuci ke bayyana abin da ya yarda da shi. A fara da duba tauraruwar labarin. Ban da kyau da dogon gashi da hasken fata, me take yi? Tana da karatu ko sana'a ko wata shawara da ta yanke da kanta, ko kuwa ana ta miƙa ta ne daga hannun uba zuwa na saurayi zuwa na miji? Sai a duba yadda ake fita daga matsala. In kullum wani hamshaƙin Alhaji ne ko ɗan sarki ke ɓullowa ya share hawaye da mota da gida a Abuja da tafiya Dubai, to littafin jira yake koya wa yarinya, jiran abin da ba zai zo wa mafi yawan mata ba. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne yadda littafin ke kallon zalunci. Akwai labarai birjik a waya da namiji zai wulaƙanta yarinya, ya mare ta, wani lokaci har ya yi mata fyaɗe, daga baya a ce ashe so ne ya yi masa yawa, a rufe da biki da guɗa. A ganina wannan ya fi littafi mai kalmar batsa haɗari, don batsa yarinya ta san batsa ce, shi kuwa wannan yana shiga mata ne da sunan darasin haƙuri. Littafi yana iya kawo duka da auren dole da cin amana ya kasance mai kyau, muddin ya kira su da sunansu ya kuma nuna ɓarnar da suke yi. Shekaru ma abin lura ne. Abin da 'yar 18 za ta karanta ta fahimta, 'yar 13 firgita zai sa ta ko ya ruɗa ta, kuma wanda ya san yarinyar shi ya fi kowa sanin inda hankalinta ya kai.

Da wane harshe za a fara? Da Hausa. Ba wanda ke kamuwa da son karatu a littafin da sai ya nemi ƙamus sau biyar kafin ya juya shafi. Ga wadda ba ta saba ba, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, har yau ba a yi wanda ya kai shi jan mai karatu. A littafi na farko, aku ne ke jero wa Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kowane labari ana gama shi a zama ɗaya, ga dariya, ga Hausa mai daɗin kunne. Daga nan sai littattafan da suka fito daga Zariya bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933: Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi, wanda ya nuna tun a wancan zamani yadda mai kuɗi ke raba masoya da yadda ramuwar gayya ke cinye mai yin ta. Wani zai ce ai duniyar maza ce a cikin waɗannan littattafai, mata a gefe suke. Gaskiya ne, in aka ɗebe mahaifiyar Umar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta. Amfaninsu ga budurwa shi ne su gyara mata kunne. Wadda ta sha Hausar Imam za ta riƙa jin ƙaiƙayi in ta ci karo da rubutun waya mai haɗe kalmomi barkatai, wanda ba ya bambanta ƙ da k, kuma wannan ƙaiƙayin kariya ne da ba a saya da kuɗi.

Amma inda budurwa za ta ga kanta sosai shi ne a rubutun mata, kuma a nan ya kamata a fi kashe kuɗi da lokaci. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, shi ake ɗauka ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Bafillatana ne da ta tsaya kan wanda take so duk da ba ɗan dangi ba ne, gajere ne, kuma ya dace da 'yar 14. Daga shekara 15 ko 16 kuwa ban san littafin Hausa da zan fifita a kan Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ba. Abu tana 'yar 13 aka cire ta daga makaranta, ɗan'uwan da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta saboda ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da dattijo Sarkin Noma. Ta gudu birni, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin da ya ɗaga littafin shi ne babu wanda ya sauko ya cece ta. Shekaru ta yi tana gina kanta, kuma marubuciyar, wadda ita ma an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, ba ta rufa wa kowa asiri ba. Akwai wurare masu ɗaci a cikinsa, musamman zaman Abu a gidan Sarkin Noma, don haka ba littafin da za a jefa wa yarinya a wuce ba ne. Ɗan'uwansa Alhaki Kuykuyo Ne yana bin Rabi, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gida. Ƙarshensa ba ya sanyaya zuciya, domin bayan Alhaji Abdu ya karye sai dangi suka taru a kanta ta koma masa, kuma wannan ne ya sa ya fi dacewa da tattaunawa tsakanin uwa da 'ya. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, sun fi laushi. Matan cikinsu masu ilimin boko da na addini ne, masu kunya da sanin darajar kai, sai dai dukiya tana zuwa musu da sauƙin da ya kamata a nuna wa yarinya cewa na labari ne. Ga mai son sabon rubutu, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta ta fito da gajerun labarai masu ma'ana, an tace su, an karanta su a rediyo, kuma suna nuna wa budurwa cewa ita ma tana iya riƙe alƙalami.

Na san abin da masu tsantseni za su ce: duk waɗannan ai soyayya ce a ciki, kuma soyayyar littafi ce ke buɗe wa yara ido. Tun shekarun 1990 ake wannan gardama, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya kira irin wannan rubutu adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu kuma suka kare rubutun. Ɓangaren masu suka yana da hujja, kuma yau ta fi ƙarfi, tunda akwai rukunonin waya da ake biyan kuɗi a shiga don karanta batsa tsagwaronta, wadda ba ta da wani uzuri. Wannan a hana shi kai tsaye, a kuma faɗa wa yarinya dalili. Sai dai budurwar da muke magana a kanta samari suna sallama da ita a ƙofar gida, ƙawayenta wasu an sa musu rana, ita ma cikin 'yan shekaru za a tambaye ta wa take so. Idonta ba littafi ne zai buɗe shi ba, rayuwa ta riga ta buɗe. Abin da take buƙata shi ne wurin da za ta ga yaudara da gaggawa da kwaɗayi da abin da suke haifarwa kafin ta gamu da su a zahiri, a lokacin da kuskuren na wata ce a takarda, ba nata ba. Kunya ta hana uwaye da yawa faɗa wa 'ya'yansu waɗannan abubuwa baki da baki, musamman 'yar fari. Littafi mai kyau yana ɗauke wannan nauyin, har a iya cewa me kika gani game da halin wane, ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba.

Akwai kuma masu cewa karatun Islamiyya ya wadatar. Babu mai ja da muhimmancinsa, kuma a jerin littattafan kowace budurwa ya kamata a sami fassarar Alƙur'ani, da littafin tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, irin Ar-Rahiƙul Makhtum, da Riyadus Salihin, da Ahalari wanda babinsa na haila da tsarki ke amsa tambayoyin da take jin nauyin yi wa kowa. Amma magabatanmu ba su tsaya a haddar aji ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta rubuta tarihi da marsiyya da nasiha, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda jajoji, wato mata masu koyarwa, ke ɗaukar waƙoƙinta su kai wa matan ƙauye. Ta san ilimi yana shiga ne ta hanyar da ke da daɗin ji. Tarihinta da Jean Boyd ta rubuta, The Caliph's Sister, na cikin abin da ya cancanci budurwar da Turancinta ya yi ƙwari ta karanta, don ta san mace mai alƙalami ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Sai maganar Turanci, inda wasu iyaye ke tsoron karatun Hausa zai ja 'yarsu baya a jarrabawa. Wadda ta saba zama awa guda da littafi, ta saba bin labari tana riƙe sunaye da dalilai, ta riga ta mallaki rabin abin da Turanci zai nema a wurinta; saura kalmomi. Dabarar ita ce a tsallaka da ita ta littafin da duniyarsa ta saba da ita. Zaynab Alkali ce gadar da ta fi dacewa. The Virtuous Woman gajere ne, labarin Nana Ai da tafiyarta zuwa makarantar kwana, ya yi daidai da 'yar ƙaramar sakandare. The Stillborn na 1984, labarin Li da burinta na barin ƙauye da abin da birni ya yi wa aurenta, sai ta ɗan ƙara girma. Daga nan So Long a Letter na Mariama Ba 'yar Senegal, wasiƙar da Ramatoulaye ta rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba, bayan mijin da ya auri ƙawar 'yarsu ya rasu. Bai kai shafi 100 ba, gidan Musulmi ne, kuma duk Bahaushiya za ta gane kowane ɗaki a cikinsa. 'Yan matan Nijar da Kamaru suna da sa'ar karanta shi da Faransancin da aka rubuta shi, manyansu kuma su ƙara da Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa, wanda ɗaliban sakandare a Faransa suka zaɓa ya ci kyauta a 2020. Purple Hibiscus na Chimamanda Adichie zai shigar da ita gidan Kirista a Inugu, ta ga Kambili 'yar 15 da uba mai tsananin ibada da tsananin duka, ta gane cewa tsoro a cikin gida ba shi da ƙabila. Kada dai a bari littafin da JAMB ke wajabtawa, irin The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da ta taɓa wajabtawa, ya zama shi kaɗai ta taɓa gamawa. Kuma ba duk littafin da ya ci kyauta ne ya dace da ita yanzu ba. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar NLNG a 2016, gwanin littafi ne, amma na manya ne, a ajiye mata shi.

Zaɓen littafi rabin aiki ne, yadda ake miƙa shi ya ɗauki sauran. Kada a ba ta goma a lokaci guda. A ba ta biyu ta ɗauki ɗaya, don abin da mutum ya zaɓa da hannunsa ya fi riƙe shi. In ta kai shafi 30 ta ce bai yi mata ba, a karɓa a canza ba tare da gori ba, wataƙila baɗi ta dawo masa da kanta. Kada a mai da hira jarrabawa. Tambayar wane darasi kika koya tana kashe magana nan take, domin yarinya ta san amsar da ake so za ta kuma bayar da ita. A tambaye ta wa ya fi ba ta haushi a labarin, ko da ita ce Rabi za ta koma, ko ta san wani mai irin halin Sarkin Noma. In ra'ayinta ya saɓa da na babba a saurara har ta kai aya, saboda wannan gardamar ita ce ribar karatun. Sannan a ba ta lokaci, abin da aka fi tauye wa 'ya mace. Tsakanin boko da Islamiyya da girki da rainon ƙanne, sau da yawa namiji na da awannin banza ita ba ta da ko ɗaya, kuma in an gan ta da littafi sai a ce ba ta da aikin yi. Rabin awa bayan sallar isha'i da ba mai aiken ta ya isa a gama littafi a mako biyu. Kuɗi ma ba hujja ba ne mai ƙarfi: gidaje biyar a layi ɗaya in kowanne ya sayi littafi biyu, 'yan matansu suna da goma da za su riƙa musanya, ga kuma ɗakunan karatu irin na Murtala Muhammad a Kano ga waɗanda ke kusa.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ɗauka an cire ta daga wannan aiki. Ta sa 'yar ta karanta mata da murya, babi ɗaya kowane dare, tana tsinke zogale ko tana kitso tana ji. Ita ta san aure da kishi da dangin miji fiye da yadda kowane marubuci zai rubuta, kuma ita za ta tsayar da karatun ta ce wannan gaskiya ne, wannan kuwa ba haka ake yi ba. Iyaye da yayye, a wannan makon ku tambayi 'yan matan gidanku abin da suke karantawa, ku karɓa ku karanta, sannan ku nemo musu So Aljannar Duniya ko Wa Zai Auri Jahila? gwargwadon shekarunsu.